Tarihin Hefarin: Maganin Hana Jini Daskarewa da Aka Gano Yana Yi wa Jijiyoyi Magana

Idan ka taɓa yin dashen shinkafa a fadamar Argungu, ko ka shiga ruwan da ya kai gwiwa a gefen gulbin Rima da damina, to ba sai an yi maka bayanin matsattsaku ba. Yakan maƙale maka a ƙafa ba ka ji ba, ya sha ya ƙoshi ya faɗi. Raunin ɗan mitsitsi ne, amma jini ya yi ta tsiyaya na awanni, alhali yankan reza da ya fi shi girma kan tsaya cikin 'yan mintuna.

A 1884 wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Berry Haycraft ya gano dalili: a yawun matsattsaku akwai sinadarin da ke hana jini daskarewa, wanda daga baya aka raɗa wa suna hirudin. Likitoci sun yi murna, domin sun daɗe da wata matsala. Da zarar jini ya fita daga jiki ya taɓa bututu ko kwalba, sai ya zama guda. Ke nan ba yadda za a yi ka fitar da jinin mai ciwon ƙoda ka tace shi ka mayar masa. Da hirudin aka fara gwada wankin jini a kan dabbobi a Amurka a 1913, da shi kuma Georg Haas ya fara gwadawa a kan mutum a Jamus a 1924. Sai dai hirudin na wancan zamani ba shi da tsafta, yana sa marasa lafiya laulayi. Ba a jima ba wani sinadarin ya ture shi, wato hefarin.

Yau duk wanda aka kai wankin ƙoda, a Birnin Kebbi ne ko a Sakkwato, da wuya a haɗa shi da na'ura ba a sa hefarin ba. Yawancinmu a nan muka san shi, "maganin tsinka jini". To amma wannan rabin labarin ne. Bayan an shafe shekara 40 ana amfani da shi, masana suka lura cewa hefarin yana da wani aikin: yana shiga tsakanin saƙonnin da ke gaya wa ƙwayoyin halittar jijiyoyin jini su girma ko su tsaya. Tarihin wannan aiki na biyu za mu bi a yau, da abin da ya haifar, da kuma inda ya ba da kunya.

Daga hantar kare zuwa kwalbar asibiti

A 1916, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, wani ɗalibin likita ɗan aji biyu mai suna Jay McLean yana aiki a ɗakin binciken malaminsa William Howell. Aikin da aka ba shi shi ne ya nemo sinadaran da ke sa jini daskarewa. A cikin abin da ya tatso daga hantar kare sai ya ci karo da kishiyar abin da ya fita nema. A 1918 Howell da wani ɗalibinsa, Emmett Holt, suka sa wa sinadarin suna daga kalmar "hepar", wato hanta da harshen Girka. Har gobe masana tarihi na jayayya a kan wanda ya cancanci yabon, domin abin da McLean ya fara samu ba shi ne ainihin hefarin ɗin da ake ɗura wa mutane yau ba.

Na farkon ƙazantacce ne, yana kawo zazzaɓi da ciwon kai. A birnin Toronto na Kanada aka gyara shi, a ƙarƙashin Charles Best, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin. A 1933 abokan aikinsa biyu, Arthur Charles da David Scott, suka fitar da hanyar tace shi da yawa daga hantar shanu, daga baya kuma daga huhunsu. Don ka ga tsufan abin, shekara ɗaya ke nan kafin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934, wadda daga ita bikin kamun kifi ya samo asali. Tsakanin 1935 da 1937, likitan tiyata Gordon Murray a Toronto da Clarence Crafoord a Suwidin suka fara yi wa marasa lafiya amfani da shi.

A Suwidin ɗin ne Erik Jorpes ya nuna a 1935 cewa hefarin doguwar sarƙar sukari ce, an jera mata sinadarin salfet kamar an shirya duwatsu a tsakiya. Wannan salfet ɗin yana ba ta cajin lantarki mai ƙarfi, irin na kan batir mai alamar ɗebewa. Riƙe wannan, mai karatu, domin duk labarin a kansa ya rataya: abin da ke da cajin ɗebewa yakan manne wa duk abin da ke da cajin tarawa, kuma furotin masu irin wannan caji suna da yawa a jikinmu. Ko makarin hefarin, wato furotamin, da wannan dabarar yake aiki. Daga maniyyin kifin salmon ake samo shi, cike yake da cajin tarawa, sai ya rungume hefarin ya kashe masa ƙarfi.

Tambayar da ta daɗe ba amsa

A 1937 Jorpes da abokansa suka gano inda jiki ke ajiye hefarin. Yana cikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, suna ne da Paul Ehrlich ya ba su tun 1878 daga kalmar Jamusanci mai nufin kiwo, don ya gan su cike taf kamar ragon layya. Sukan yi layi a gefen ƙananan jijiyoyin jini, su ne kuma ke fashewa su kawo ƙaiƙayi da kumburi idan kudan zuma ya harbe ka.

To ga abin ɗaure kai. Idan aikin hefarin a jiki shi ne hana jini daskarewa, me ya sa aka kulle shi a wajen jijiya, ba a cikin jini ba? Me ya sa ake samunsa a jikin wasu halittun ruwa masu ɓawo, waɗanda jininsu ba ya daskarewa irin namu? Ko a cikin kwalbar asibiti ma, binciken 1976 ya nuna kashi ɗaya cikin uku kaɗai na sarƙoƙin ne ke da wurin kama antitrombin, furotin ɗin da hefarin ke ƙara wa ƙarfi kusan sau 1,000 don ya tsayar da daskarewa. Sauran kashi biyun fa, me suke yi? Ruwa ba ya tsami banza.

Wata alama ta fito tun 1948, lokacin da Jorpes da Sven Gardell suka gano wani ɗan'uwan hefarin mai ƙarancin salfet, wanda yanzu ake kira hefaran salfet. Sannu a hankali aka fahimci cewa wannan ɗan'uwan yana jikin kusan kowace ƙwayar halitta, ya lulluɓe ta kamar gashi.

Yadda aka gina jijiya

Kafin mu ci gaba, bari mu leƙa cikin jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya. Ta can ciki, inda jini ke gogawa, akwai shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, sumul kamar daɓen ɗaki. Mu kira su ƙwayoyin daɓe. Su ne ke hana jini manne wa bango, su ne kuma ke tsirowa su zama sababbin jijiyoyi idan an ji rauni. Bayansu akwai zoben ƙwayoyin tsoka, masu matsewa da saki don daidaita gudun jini.

A jikin babban mutum mai lafiya, duka biyun a natse suke, ba sa yawan rabuwa. Amma idan daɓen ya kwaile, sai ƙwayoyin tsoka su farka. Su bar wurinsu su kutso ciki, su yi ta hayayyafa, bangon ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke. Manomin rani ya san irin wannan: magudanar da yashi ya ci rabinta, injin na ta aiki amma ruwa ba ya isa gona.

Wannan ba labarin littafi ba ne kawai. Mai wankin ƙoda na dogon lokaci akan yi masa 'yar tiyata a hannu, a haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayarwa, don a samu wurin soka allura mai ɗorewa. A birnin New York aka ƙirƙiro dabarar a 1966. Babban abin da ke kashe wannan mahaɗa shi ne kaurin bango da ƙwayoyin tsoka ke jawowa. Idan ta toshe, sai sabuwar tiyata, sabon kashe kuɗi, a kan iyalin da wankin kansa ya riga ya tatike.

1977: ɓerayen Harvard

A 1977 wani matashin likitan tiyata, Alexander Clowes, da malaminsa Morris Karnovsky a Jami'ar Harvard suka kwaile daɓen jijiyar wuyan ɓeraye, suka ɗura wa wasu hefarin, suka bar wasu. Bayan mako biyu, jijiyoyin waɗanda ba a ba magani ba sun yi kauri, na waɗanda aka ba kuwa kaurin bai taka kara ya karya ba. Mujallar Nature ce ta buga sakamakon.

Fassarar da ta fi sauƙi ita ce hefarin ya hana gudan jini taruwa a kan raunin, shi ya sa tsokar ba ta tashi ba. Don su gwada wannan, sai suka haɗa kai da Robert Rosenberg, wanda ya iya raba hefarin gida biyu: mai hana daskarewa da wanda ba ya hanawa. A 1980 suka ba da rahoton cewa shi ma marar hana daskarewar ya danne ƙwayoyin tsoka. Ashe ba ruwan wannan aiki da tsinka jini. Sauran kashi biyun nan da aka ɗauka 'yan rakiya ne, suna da nasu aikin.

Bayan shekara ɗaya, John Castellot a wannan ɗakin binciken ya nuna cewa ƙwayoyin daɓe da kansu suna fitar da sinadari mai kama da hefarin, wanda ke hana ƙwayoyin tsoka hayayyafa. Wato daɓen lafiyayye kullum yana raɗa wa tsokar da ke bayansa cewa ta zauna lafiya. Idan ya kwaile, muryar ta ɗauke. Hefarin ɗin allura aron wannan muryar yake yi. Binciken da ya biyo baya ya nuna yana manne wa ƙwayar tsokar, ya rage ƙarfin jerin saƙonnin cikinta da ke kai umarnin rabuwa zuwa ga ƙwayoyin gado, sai ta tsaya a matakin shiri ba ta kai ga kwafar DNA ba.

Tarun da ya kamo manzanni

A daidai wannan lokaci, a asibitin yara na birnin Boston, wani likita mai suna Judah Folkman yana fama da tasa tambayar. A 1971 ya rubuta cewa ƙarin kansa ba ya iya wuce girman milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, kuma tabbas akwai wani sinadari da yake aikawa ya kira su. Da yawa daga cikin masana sun yi masa dariya, domin ya shafe fiye da shekara goma bai kama sinadarin ba. Ɗan kaɗan ne ainun, a cikin dubban furotin.

Amma mutanensa sun lura da wasu abubuwa. Ƙwayoyin mast sukan taru a gefen ƙari kafin jijiyoyi su iso. A 1980 suka nuna hefarin ɗin ƙwayoyin mast yana sa ƙwayoyin daɓe tafiya. A 1982 kuma suka ga furotamin, makarin nan na kifi, yana hana sababbin jijiyoyi tsirowa. Ka ga abin mamaki: sinadarin da ke kwantar da tsoka, shi ne ke tayar da daɓe.

Sai Yuen Shing da Michael Klagsbrun suka yi wani tunani. In dai sinadarin da ake nema yana hulɗa da hefarin, me zai hana a yi taru da hefarin ɗin? Suka liƙa shi a jikin wasu 'yan ƙananan ƙwallaye, suka cika bututu da su, suka tsiyaya ruwan ƙarin ɓera ta ciki. Yawancin furotin suka wuce. Suka bi da ruwan gishiri marar ƙarfi, masu riƙon sakainar kashi suka zube. Wani guda ɗaya ya ƙi saki sai da aka zuba gishiri mai ƙarfi sosai. A 1984 suka sanar da shi a mujallar Science, daga baya aka tabbatar shi ne furotin ɗin da ake kira FGF-2. Aikin da ya gagara shekaru, ya zama na 'yan kwanaki.

Da irin wannan tarun ne Napoleone Ferrara na kamfanin Genentech ya kamo wani manzon a 1989, daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar shanu. Ya sa masa suna VEGF, kuma shi ya zama babban mai kiran ƙwayoyin daɓe su tsiro.

Aikin dillali

Saura tambaya ɗaya: me ya sa waɗannan manzanni ke son hefarin haka? Amsar ta zo a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Tawagogi biyu a Amurka, ta Avner Yayon da David Ornitz, da ta Alan Rapraeger, suka samar da ƙwayoyin halittar da ba su da hefaran salfet mai aiki a jikinsu. Suka zuba musu FGF-2. Shiru. Ga saƙon, ga makarɓarsa a jikin ƙwayar, amma ba abin da ya faru. Da suka ƙara ɗan hefarin, sai saƙon ya shiga.

Ka je kara ranar kasuwa ka ga yadda ake cinikin sa. Ga mai sa, ga mai saye, amma ba sa ƙulla magana sai dillali ya kamo hannun wannan ya kamo na wancan. Haka hefaran salfet yake. Yana riƙe manzon da hannu ɗaya, makarɓar da ɗaya hannun, har makarɓa biyu su haɗu su tura umarni cikin ƙwayar. A 2000 aka fitar da hoton surar wannan haɗuwa, aka ga sarƙar sukarin kwance a tsakaninsu.

Wannan ya warware ruɗanin. Idan dillalan gida sun yi ƙaranci, ɗan hefarin kan cike gurbi, ciniki ya faɗa. Idan kuwa ka cika kasuwar da baƙin dillalai masu yawo a cikin jini, sai su janye manzannin daga inda aka ajiye su, su tafi da su. Saboda haka tasirin hefarin ya danganta da yawansa, da tsawon sarƙarsa, da tsarin salfet ɗinsa, da irin ƙwayar da ya tarar.

Hefaran salfet kuma rumbu ne. Yana riƙe manzanni a bangon jijiya har ranar da rauni zai sa a sake su, yana kuma jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan don sabuwar jijiya ta san inda za ta dosa. A 2002 aka nuna cewa ɓerayen da ke yin nau'in VEGF marar kama hefarin kaɗai, jijiyoyinsu kan yi faɗi amma rassansu kaɗan ne. Shi kuwa hefarin na ƙwayoyin mast, a 1999 tawagogi biyu suka samar da ɓerayen da ba sa iya yin sa. Jininsu bai kama daskarewa ba. Abin da ya lalace shi ne ajiyar kayan da ke cikin ƙwayoyin mast ɗin. Ke nan aikin da muka fi sanin hefarin da shi, mu ne muka ba shi.

Daga ɓera zuwa mutum

Yanzu ka sa kanka a matsayin likitan zuciya na wancan lokaci. A 1977 Andreas Gruentzig ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a birnin Zurich. Dabarar ta bazu, amma kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa kan sake tsukewa cikin wata shida, saboda ƙwayoyin tsokar nan. Ga kuma magani mai araha da ya hana hakan a ɓera. Wa zai ƙi gwadawa?

An gwada, bai yi ba. A wani babban gwaji da aka buga a 1994, an raba marasa lafiya fiye da 400 gida biyu, rabi suna karɓar enokzafarin, wato hefarin mai gajeriyar sarƙa, kullum har wata ɗaya. Tsukewar ta dawo daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Dalilan da masana suka kawo sun haɗa da cewa yawan da ɓera ya sha, in aka ba mutum zai zubar da jini, sannan jijiyar saurayin ɓera mai lafiya daban take da ta dattijon da kitse da hawan jini suka ci shekaru suna lalatawa. Abin da ya rage matsalar daga baya shi ne 'yar ragar ƙarfe da ake shafa wa wani maganin daban, sirolimus, wadda ta shigo a 2002 zuwa 2003.

A ɓangaren kansa ma haka. Wani gwaji na Birtaniya da aka buga a 2016, mai masu kansar huhu fiye da 2,000, ya nuna hefarin ya rage musu toshewar jijiya da gudan jini, amma bai ƙara musu kwana ba.

Kada ka ce wahalar ta tafi a banza. VEGF ɗin da tarun hefarin ya kamo, shi aka ƙera wa makari mai suna Avastin, wanda Amurka ta amince da shi a 2004 don kansar hanji. Yau likitocin ido, har a nan Najeriya, suna yin allurarsa a cikin idon masu ciwon suga don tsayar da jijiyoyin banza da ke tsirowa su makantar da mutum. Hefarin bai zama maganin ba, amma shi ya nuna hanyar.

Cututtukan da muka sani a gida

Mu ma an gwada shi a kan namu. Dafin kububuwa yana cinye sinadaran daskarewar jini yana kuma yaga bangon ƙananan jijiyoyi, an kuma taɓa zaton hefarin zai taimaka. David Warrell, wanda ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya gwada shi tare da abokansa, suka buga sakamakon a 1976. Mutum 14 da kububuwa ta sara aka ba makarin dafi, bakwai daga ciki aka ƙara musu hefarin. Ƙarin bai canza komai ba. Makarin dafin ne ya yi aikin.

Sai hawan jinin masu juna biyu, wanda ke kai wa ga jijjiga, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa. A 2003 tawagar Ananth Karumanchi ta gano cewa mabiyiyar mai wannan ciwo tana kwararo wani furotin, sFlt-1, wanda ke cafke VEGF a cikin jini. Sai ƙwayoyin daɓen uwar su rasa saƙon da ke raya su, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin, jiki ya kumbura. Shi ma sFlt-1 yana maƙale wa hefaran salfet, kuma a 2011 aka nuna allurar hefarin tana ɓamɓaro shi ta ƙara yawansa a jini. Gwajin da aka buga a 2014 a kan mata kusan 300 masu hatsarin daskarewar jini bai nuna hefarin ya kare su daga matsalolin mabiyiya ba. Asfirin ɗan kaɗan, wanda likita ke rubutawa tun farkon ciki ga masu hatsari, shi ne ya nuna amfani a fili a gwajin 2017. Duk da haka, mai cikin da ke da gudan jini a jijiya hefarin ake ba ta, domin ba ya tsallakawa zuwa ga jariri.

A sikila kuma, jajayen ƙwayoyin jini suna manne wa daɓen jijiya ta wani furotin da hefarin ke iya toshewa a ɗakin gwaji. Masana a Suwidin suka ƙera hefarin da aka cire wa yawancin ƙarfin tsinka jini, mai suna sebufarin. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai gajarta lokacin tashin ciwon ba. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma an taɓa amfani da hefarin, aka daina saboda zubar jini.

Daga ina kwalbar ta fito?

Har yau yawancin hefarin na duniya daga majinar hanjin alade ake tatso shi, kaso mai tsoka kuma daga ƙasar Sin. Amurka ta bar na shanu a shekarun 1990 saboda tsoron cutar haukar shanu, amma ƙasashe irin su Brazil da Ajantina suna yin na shanun. Akwai kuma fondafarinus, wanda ake haɗawa a masana'anta ba daga dabba ba tun 2001, sai dai ya fi tsada kuma bai dace da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba. Wanda wannan batu ya dame shi, ya tambayi likitansa zaɓin da ke akwai, ya tambayi malaminsa hukuncin lalura, kada ya yanke wa kansa magani.

Dogaro da tushe ɗaya yana da hatsari. A ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, masu wankin ƙoda a Amurka suka riƙa faɗuwa cikin mintuna bayan an sa musu hefarin, jininsu ya sauka ƙasa warwas. Zuwa Afrilun 2008 hukumar magunguna ta ƙasar ta karɓi rahoton mutuwar mutum 81. Bincike ya gano an gauraya ɗanyen kayan da ya fito daga Sin da wani sukarin guringuntsi mai araha da aka cika wa salfet, har ya tsallake gwajin inganci. Wannan jabun yana tayar da wani saƙo a jini mai suna biradikinin, wanda ke umartar jijiyoyi su saki gaba ɗaya. Sarƙa kusan iri ɗaya, an ɗan sauya jerin salfet, saƙon ya koma guba.

Abin da za ka riƙe

Idan ɗan'uwanka yana karɓar hefarin, don hana gudan jini ake ba shi, kuma a nan ba shi da na biyu wajen sauri da araha. Ka sa ido a kan jinin haɓo ko na dasashi, baƙin bayan gida, da shatar jini a fata, ka gaya wa ma'aikatan jinya nan take. Idan mai wankin ƙoda ne, ya riƙa taɓa mahaɗar hannunsa kullum. Muddin yana jin ɗan zirrr ɗin nan, jini na gudu. Ranar da ya ragu ko ya ɗauke, asibiti ya nufa a ranar, domin hefarin ɗin wanki ba ya hana bangon yin kauri.

Idan kuma wani ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa "bincike ya nuna" wani ganye ko sinadari yana hana kansa girma, ka tambaye shi: a kwalba ne, a ɓera ne, ko a mutum? Sakamakon Clowes da Karnovsky gaskiya ne, ƙwararru ne suka yi shi, wasu kuma sun maimaita sun samu haka. Duk da haka, da aka kai shi gadon asibiti bai tsallake ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga ɗalibanmu na kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta jiha da ke Aliero, fagen nan a buɗe yake. Masana na ci gaba da ƙoƙarin karanta jerin salfet ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, don a ƙera sarƙar da za ta isar da saƙo guda ba tare da ta tsinka jini ba. Masu sikila, da masu juna biyu, da masu wankin ƙoda da ke jiran wannan amsa, da yawansu a unguwanninmu suke.